Yadda na gyara fitilar ɗaukar hoto ta cikin ruwa bayan batir ya zube a ciki

Alhamdulillah ta dawo aiki, Allah ya saka wa yayana mai gyaran waya da ya ara mani mitar gwada wuta.

Fitilar da nake ɗaukar bidiyon kifi da ita ce a tafkunan masu kiwo nan gefen Ajiwa a jihar Katsina, mai cin batir AA guda 4. Sai ta kama ta yi ta ƙyafta ta mutu. Na sa sababbin batira shiru, na zargi makunni, mita ta nuna lafiyarsa lau.

Da na haska can ƙasan ramin batir sai ga farin gari ya daskare a kan sifirin, wato batirin alkaline (irin wanda ba a caji) da ya kwana ciki ne ya zube, zafin Katsina kuma ba ya raga ma batir.

Na sa safar hannu saboda garin nan yana cin fata. Na jiƙa audugar kunne da ruwan lemun tsami na riƙa dangwala wa sifirin har kumfa ta daina tashi, kar dai a tsiyaya ruwan ciki. Na goge da sifirit, inda ya yi tsatsa na kankare da sanfefa mai laushi, na bar ta a buɗe a inuwa ta kwana.

Zoben robar murfin na ciro shi da gefen katin ATM, ƙarfe na iya yanka shi, na share yashin da ke cikin kwarminsa na shafa man silikon ɗan kaɗan, ban da basilin.

Kafin in sa batir na tura tishu ciki na rufe na nutsa ta a bokiti awa 1, tishu ya fito a bushe. Yanzu batiran Eneloop masu caji nake sa mata, in an tashi aiki in cire su.