Yadda za ka tafi garin bakin tafki kai kaɗai ka huta, kana karatu a ƙasar waje

Idan semesta ta yi nisa, lakca ta haɗu da asaimen, ga hayaniyar hostal ba dare ba rana, akwai lokacin da ba yawon buɗe ido kake buƙata ba, so kake kawai ka samu inda babu wanda ya san sunanka ka zauna ka kalli ruwa. Ni dai a wurina garin bakin tafki ya fi bakin teku dacewa da wannan, ruwan a kwance yake ba igiya ba ƙara, garuruwan kuma ƙanana ne da ƙafa za ka zagaye su. Amma fa shirun nan shirya shi ake yi, in ka tafi haka kawai sai ka faɗa tsakiyar 'yan hutu ka dawo da gajiyar da ta fi wadda ka tafi da ita.

Ka zaɓi garin da jirgin ƙasa ɗaya ko biyu zai kai ka, kada tafiyar ta wuce awa uku. Wanda ke arewacin Ingila ga Windermere, tafki mafi girma a Ingila, wajen awa biyu ne daga Manchester. Na Italiya ga Varenna a bakin tafkin Como, kusan awa ɗaya daga Milan. Na Turkiyya kuma akwai Eğirdir a lardin Isparta, sai dai can bas za ka hau, ba jirgin ƙasa ba. Tafiyar farko dai ka tsaya cikin ƙasar da kake karatu, domin bizar ɗalibi ta Birtaniya ba ta shigar da kai ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, wanda kuma yake da katin zama na wata ƙasar Schengen shi ne zai iya leƙa sauran, kwana 90 cikin 180. Ko a cikin ƙasa ne ka riƙe shaidar zamanka da katin makaranta. A Birtaniya katin 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, ɗalibi cikakke ko ya haura 25 zai iya yi.

Rana kuma Talata zuwa Alhamis, in jadawalinka ya bari. Yuli da Agusta ka manta da su, cika ake yi maƙil. Sai dai sanyi ma da nasa, a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 a arewacin Ingila, jiragen ruwa suna rage zirga-zirga, wasu masaukan ma rufewa suke yi, shi ya sa na fi son Mayu ko ƙarshen Satumba.

Kwana biyu ya isa. Kafin ka biya masauki ka buɗe taswira ka auna nisansa da ruwan da kuma tasha, kar sunan gari ya ruɗe ka, misali tashar jirgin Windermere ba a bakin tafkin take ba, sai ka gangara Bowness, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa. In da hali ka kama ɗaki naka kai kaɗai ko ƙarami ne, don in ka shiga ɗakin mutum shida to hostal ɗin da ka gudo ka sake komawa.

Dan Allah kar ka tafi a ɓoye. Mutum ɗaya tak ka gaya wa sunan masaukin da ranar dawowa, ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet don netwok yana ɗaukewa a gefen duwatsu, ka sa fawa bank da rigar ruwa da takalmin da ba ya santsi a jaka. Lambar gaggawa 112 ce a Turai, 999 a Birtaniya. Maganar wanka kuma, ruwan tafki ko da rani sanyi gare shi fiye da yadda ido ke nuna maka, faɗawa cikinsa farat ɗaya yana iya sarƙe numfashi ko ka iya iyo, to kai kaɗai ne babu mai ganinka, ka bar shi kawai.

Da ka isa, abu ɗaya a rana ya wadatar. Ka hau tudu da sassafe ka ga tafkin daga sama, a Windermere akwai Orrest Head, minti ashirin ne daga tasha, ko ka shiga jirgin ruwa ka sauka a gari na gaba ka samu benci ka zauna. Littafin karatu ka bar shi a ɗaki, ka ɗauki ɗan littafin rubutu da biro. Wayar ma ka sa ta a jaka, ka ɗauki hotuna biyu uku shikenan, turawa sai ka dawo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yamma. Da rana komai daɗi, amma da duhu ya shiga shaguna suka rufe ka ga mutane bibbiyu suna wucewa suna hira, kewa za ta taso maka, wani sa'in har ka ji kamar ka yi kuskuren zuwa. Ba kuskure ka yi ba wallahi, kewar da ma tana nan tun tuni, hayaniyar makaranta ce ta danne ta, yanzu ta samu fili. Kar ka yi saurin danne ta da kallon bidiyo har asuba. Ka ci abincin dare da wuri, ka kira mutum ɗaya da kake so ku yi hira mai tsawo ba ta gaggawa ba, ka rubuta abin da ke ranka ko layi biyar ne, ka kwanta. Safiya ta biyu ita ce ainihin abin da ka zo nema, ka fita kafin ƙarfe 7 lokacin da hazo ke kwance a kan ruwa babu kowa sai agwagi, shi ya sa nake cewa kwana ɗaya bai isa ba.

Ranar komawa ka duba jadawalin tun da dare, musamman in Lahadi ce don jirage sun fi ƙaranci, kuma kar ka dogara da jirgin ƙarshe, ka ɗauki na tsakar rana ka isa ɗakinka da sauran haske.