Yadda na ciro shafuka daga PDF bayan sabunta manhaja

Manhajar da nake buɗe PDF (nau'in fayil ɗin takardu na kwamfuta) da ita a shagona na buga takardu a Tudun Wada, Gombe, ta sabunta kanta, sai maɓallin cire shafi ya koma cikin abin da sai an biya kuɗin wata-wata. Ga kuma ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe suna ta kawo takardunsu a dunƙule, alhali wurin rajista shafi ɗaya yake nema.

Ashe maganin yana cikin kwamfutar. Na buɗe fayil ɗin da Chrome, manhajar shiga intanet, na danna Ctrl da P kamar zan buga. A wurin zaɓen firinta sai na zaɓi "Save as PDF", a wurin shafuka kuma na rubuta waɗanda nake so, misali 3-5, 9. Aka ba ni sabon fayil mai shafukan nan huɗu kawai, na asali yana nan ba a taɓa shi ba. Mai Windows 10 ko 11 yana da "Microsoft Print to PDF", aikinsu ɗaya.

A kula da lambar shafi: kwamfuta tana ƙirgawa ne tun daga bango, ba ruwanta da lambar da aka buga a ƙasan takarda. Sa hannun dijital (wanda ake yi da kwamfuta don tabbatar da sahihancin takarda) kuma ba ya biyo sabon fayil, don haka takarda mai irinsa a miƙa ta ɗungurungum.

Shafukan intanet masu raba PDF kyauta kam ba na ɗora musu takardar haihuwar ɗan mutane.