Yadda Ake Tsara Waƙoƙin Kwamfuta Kafin a Tura wa Kwastoma

Yaran da ke koyon tura waƙoƙi a shagunan Katsina kusan kuskure ɗaya suke yi: su canza sunan fayil, su ɗauka an gama. Kwastoma na sa filashi a mota, sai rediyo ya nuna masa sunan shafin da aka sauko da waƙar. Dalili kuwa, yawanci fayil ɗin MP3 yana ɗauke da bayani a cikinsa (sunan waƙa, mawaƙi da kundi) da ake kira ID3, kuma shi yawancin wayoyi da rediyoyin mota ke karantawa.

Kafin komai, kwafe foldar waƙoƙin gaba ɗaya zuwa wani babban filashi don ajiya, ko da za a yi kuskure. Sannan ka sauko da Mp3tag, shirin kwamfuta na gyara bayanin ID3. Kyauta ne a Windows, kuma ba ya cin data. Ja foldar ka jefa cikinsa, waƙoƙin za su jeru.

Gurbin Artist, wato na sunan mawaƙi, shi ne inda ake yin ɓarna. Ɗauki marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999. A kwamfuta ɗaya za ka tarar da "Shata", "Dr Shata", "Alh. Mamman Shata" da "MAMMAN SHATA KATSINA". A wurin na'ura waɗannan mawaƙa huɗu ne, don haka mai neman waƙoƙinsa kashi ɗaya kawai zai gani. Zaɓi rubutu guda, ka haska duk waƙoƙinsa, ka rubuta sau ɗaya a gefen hagu, ka danna Ctrl+S. Ni ba na sa Alhaji ko Dakta, domin sai rabin mawaƙanka su taru ƙarƙashin harafin A da D. Idan mawaƙa biyu ne a waƙa, sa su duka a Artist, amma mai kundin kaɗai a Album Artist, in ba haka ba kundin zai rabe.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna da rigima. Tsohon tsarin ID3v1 haruffa 30 kawai yake ɗauka a gurbin suna, kuma bai san su ba. Shiga Options, Tags, Mpeg, ka zaɓi ID3v2.3 UTF-16. Idan duk da haka tsohon rediyon mota ya nuna alamar tambaya, yi wa mai motar rubutu da k da d na yau da kullum.

Wasu za su ce ka yi amfani da MusicBrainz Picard, mai gane waƙa ta sautinta. Yana aiki a waƙoƙin Indiya da na Turai, amma kiɗan kalangu da waƙoƙin fada da wuya ya gane su. Da kunnenka za ka yi.

Da ka gama, danna Alt+1, ka rubuta %artist% - %title%, sunayen fayil su bi bayanin. Goge hoton talla, ka sa na mawaƙin, 500 x 500 ya isa. Waƙar da ta maimaitu, bar mai 320 kbps, wadda ta fi ingancin sauti, ka jefar da mai 64.