Babi na 6: Juyin Inji Daban, Gudun Babur Daban

Darasi na 1: Agogo biyu, aiki biyu

Kafe babur ɗinka, kada ka tayar da shi tukuna. Dubi tsakanin hannuwan tuƙi. Wasu baburan agogo ɗaya gare su, wasu biyu. In naka ɗaya ne ba laifi, matsa kusa da abokin karatunka mai biyu ku duba tare.

Agogo na farko shi ne maleji. Lambobinsa manya ne: 20, 40, 60, 80, 100. A jikinsa za ka ga an rubuta km/h. Ma'anar rubutun ita ce kilomita nawa za ka ci cikin awa ɗaya idan ka ɗore a kan wannan gudun. Allura a kan 60, kilomita 60 ke nan a awa guda.

Agogo na biyu lambobinsa ƙanana ne: 1, 2, 3, har zuwa 10 ko 12, can ƙarshe kuma akwai jan layi. Wannan ba ruwansa da hanya. Juyin inji yake ƙirgawa, wato sau nawa ƙarfen da ke juyawa a cikin inji yake kewayowa a minti ɗaya. Nemi wani ɗan ƙaramin rubutu a jikinsa: x1000, kusa da rpm ko r/min. Ɗora yatsanka a kai. Ka gan shi? Madalla.

To, a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka mu tafi a hankali. Alamar x tana nufin "sau". Ke nan x1000 na nufin "sau dubu". Duk lambar da allurar ta nuna, ƙara mata sifiri uku. Ta nuna 1, ka ce 1,000. Ta nuna 3, ka ce 3,000. Ta nuna 4, ka ce inji na juyawa sau 4,000 a minti ɗaya. Kada ka ce gudun 4, kada ka ce gudun 40. Juyi 4,000.

Mu sake. Allura a kan 2, nawa ke nan? Faɗi da baki kafin ka karanta amsa. 2,000. Allura a kan 5? 5,000. Allura a tsakiyar 3 da 4? Wannan ta fi wuya, yi tunani. 3,500. In ka kuskure kada ka ji kunya, na koyar da mutanen da suka shekara ashirin suna tuƙi ba su taɓa lura da ɗan rubutun nan ba. Ɗauki littafinka ka rubuta 6, ka bi ta da sifiri uku. Rubuta 7, sifiri uku. Rubuta 8, sifiri uku. Ƙirga su da yatsa, uku ne, ba biyu ba.

Yanzu sa babur a firi, ka tayar. Allurar juyi za ta tashi ta zauna tsakanin 1 da 2. Murɗa totur kaɗan, ka saki. Wace allura ce ta motsa? Ta juyi kaɗai. Ta maleji tana kwance a kan sifiri, domin taya ba ta je ko'ina ba. Inji ya yi ƙara, ya juya sau 3,000 a minti, babur kuwa yana nan inda ka kafe shi. Sau nawa na ce ya juya? 3,000. Wace lamba allura ta nuna? 3. Yauwa, haka nake so.

Darasi na 2: Abin da ke tsakanin inji da taya

Inji ba ya juya taya kai tsaye. Ƙarfinsa yana bi ta kuloci, ya shiga giya, ya fito ta ƙaramin faranti mai haƙora, sarƙa ta ɗauka ta kai wa babban faranti mai haƙora da ke jikin tayar baya. A wannan hanya juyin yana raguwa, ƙarfin ja yana ƙaruwa. Tsuguna ka ƙirga haƙoran farantan biyu, inji a kashe, ina roƙonka. In na gaba 14 ne na baya 42, sai na gaba ya kewayo sau 3 kafin taya ta kewayo sau ɗaya.

Ga lissafi mai sauƙi, na zaɓi lambobi masu daɗin rabawa amma suna kusa da na ƙaramin babur. A ce taya tana cin mita 2 a kowane juyi. Allurar juyi tana kan 6. Nawa ke nan? Kada ka wuce, faɗi. 6,000.

A giya ta ɗaya, a ce sai inji ya juya sau 30 taya ke juyawa sau ɗaya. Raba 6,000 gida 30, ka sami 200. Taya ta juya sau 200 a minti, ta ci mita 400. A awa ɗaya kilomita 24.

A giya ta ƙarshe, a ce juyi 10 na inji ke ba da juyi ɗaya na taya. Raba 6,000 gida 10, ka sami 600. Mita 1,200 a minti, kilomita 72 a awa.

Ka gani? Allurar juyi ba ta gusa daga 6 ba, ƙarar inji iri ɗaya, amma can 24, nan 72. Shi ya sa kunne ba ya auna gudu. Har yanzu ina jin wasunku suna cewa "jiya na ji ƙararsa, ai na kai ɗari". Wallahi wannan magana tana ɓata mini rai, don mun shafe sati biyu a kanta. Kuma wanda ya rubuta mini "gudun 6" a aikin gida, ya koma darasi na 1 ya rubuta sifirin nan uku sau goma. Ba wulaƙanci ba ne, so nake ta zauna.

Jan layin kuwa iyaka ce da masu ƙera injin suka sa. Kada ka bar allura ta zauna a cikinsa, canza giya kafin ta kai.

Darasi na 3: Maleji yana ƙari

Maleji ma ba hanya yake gani ba. Juyin taya yake ƙirgawa, ya ɗauka cewa girman tayar bai canza ba tun daga masana'anta. A tsofaffin babura wata waya ce ke tasowa daga tsakiyar tayar gaba. A sababbi da yawa na'urar lantarki ce, wani lokaci a jikin taya, wani lokaci a bakin giya.

Yawancin maleji suna nuna fiye da gudun gaskiya, kuma da gangan ne. Ƙa'ida ta 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ababen hawa, wadda ƙasashen Turai da wasu da yawa suke bi, ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya. Amma ta yarda wajen gwajin sabon samfuri ya yi ƙarin da ya kai kashi 10 cikin 100 da kuma kilomita 4. Kana gudun 80 na gaskiya, zai iya nuna har 92 bai karya doka ba.

Taya ta cinye ko iskarta ta yi ƙasa, sai ta ƙanƙance, maleji ya ƙara ƙari. Ka sa tayar da ta fi ta asali girma, sai ya rage, wannan ce mai haɗari domin kana gudu fiye da yadda kake gani. In na'urarka a bakin giya take, ka mayar da farantin gaba daga haƙora 15 zuwa 14, zai ƙara maka kusan kashi 7 cikin 100. Duba kuma ko mph aka rubuta, mil ke nan, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6.

Darasi na 4: Gwada naka

Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, inda ka san tsawon kilomita ɗaya daidai. Riƙe allura a kan 60. Wanda ka goya ya riƙe agogo, kai idonka a hanya. Daƙiƙa 60 daidai, maleji lafiya. Daƙiƙa 66, gudunka na gaskiya wajen 55 ne. Raba 3,600, wato daƙiƙoƙin da ke cikin awa ɗaya, da yawan daƙiƙoƙin da ka ci, amsar ita ce gudunka. Wayar hannu mai GPS ma tana yi, amma shi zai riƙe ta, ba kai ba.

Darasi na 5: Kuloci

Kana giya ta ƙarshe, ka ba da wuta, allurar juyi ta haura daga 4 zuwa 6, maleji bai bi ta ba. Kuloci ne yake zamewa. Kai wa bakanike.

Aikin gida: rubuta lambar da allurar juyi take nunawa sa'ad da maleji yake kan 40, a giya ta uku da ta huɗu. Da sifirinta uku.