Yadda ake haɗa girkin gayya da wasan "wa ta ɗauke?" a taron unguwa

A girkin taro, lokacin da ake ɓata wa juna rai shi ne bayan an ɗora tukunya. Hannu ya huta, baki ya samu aiki, sai gulma. Shi ya sa duk ranar da muka haɗa girki a unguwarmu nakan tanadi wasan da zai cinye wannan zaman jira. Ga yadda muke yi.

Da farko a samu wuri da rana. Harabar Islamiyya ta fi sauƙi, domin yawancinsu suna hutu Alhamis da Juma'a, akwai tabarmi, akwai inuwa. A nemi izinin shugaban makarantar, a kuma sanar da mai unguwa. A fara da hantsi, a yi niyyar watsewa kafin magariba.

Na biyu kuɗi. A yanka karo-karo, a ba mace ɗaya littafi ta rubuta wadda ta bayar, a rufe karɓa kwana biyu kafin ranar. Mai riƙe kuɗi daban, masu cefane daban, kuma su biyu za su je kasuwa. Wadda ba ta da hali ta kawo icce ko aron tukunya, a rubuta mata shi a matsayin nata kason, kada a bar ta tana jin kunya.

Sai zaɓen abinci. Ni dambun shinkafa nake zaɓa, saboda yana da aikin da zai ishi hannu da yawa, ga shi sau biyu ake turara shi. Kwanon awo na Kano, wato tiya, kusan kilo biyu da rabi yake ci, kuma a lissafina kwano ɗaya na ɓarzajjiyar shinkafa yana ciyar da manya 15 idan an wadata shi da zogale. Mutum 30 ke nan kwano biyu, a ƙara rabi saboda yara da masu leƙowa, don sai sun zo. A tambaya tun wuri ko akwai wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba, a ware mata nata kafin a zuba.

A raba aiki da suna, kada a ce "kowa ta kama". Wasu su tsince zogale su wanke, wasu yankan albasa da jajjagen attaruhu, biyu a kan suyar gyaɗa da daka, biyu a murhu. A wanke shinkafar a tsane ta, a zuba a madambaci, a naɗe mahaɗarsa da tukunya da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya gudu ta gefe. Idan ta yi rabin dahuwa a juye a babban baho, a yayyafa ruwa kaɗan, a cakuɗa da zogale, albasa, attaruhu, gyaɗa, gishiri da ɗanɗano, a mayar. Mutum ɗaya ce za ta sa gishiri. Na taɓa ganin dambun da mata uku suka sa wa, kowacce tana zaton an manta.

Yanzu wasan. A Ingila da Amurka ana yin liyafar da kowane baƙo zai zo a matsayin wani mutum a cikin labari, a taru a gano wanda ya yi kisa. Wasan allo na Cluedo da ya fito a Ingila a 1949 ma a kan haka aka gina shi. Mu ba ma kawo zancen kisa cikin taron maƙwabta. Labarinmu shi ne an yi suna, an wayi gari kai da ƙafar ragon sun ɓace daga madafa.

Mai shiryawa ta rubuta takardu shida ko bakwai tun a gida: ungozoma, dillaliya, gwaggon jariri, zabiya, mai kitso, maƙwabciya. A kowace takarda a rubuta inda mai ita take lokacin da abin ya faru, abu ɗaya da ta gani, da wani ɗan sirri da ba ta so a sani, misali dillaliya ta shiga madafa ne don ta ɓoye atamfar da uwargida ta ba ta ta sayar a asirce. Sirrin nan shi ke sa kowacce ta yi ta kame-kame har a zarge ta. Ɗaya daga cikin takardun ita ce ta ɓarauniya, kuma ita kaɗai aka yarda ta yi ƙarya, sauran suna iya kauce wa tambaya amma ba sa ƙarya.

Alamomi uku sun isa, amma a tsara su yadda za su tsuke zuwa kan mutum ɗaya. An ga shatin lalle a jikin faifai, mata huɗu ke da lalle a takardarsu. An ji ƙarar awarwaro, biyu daga cikin huɗun ke sanye da shi. An ji ƙamshin humra a bakin ƙofa, ɗaya ce tak ta shafa. A saki alama ta farko a turarawar farko, sauran biyun a ta biyu, sauran jama'a su yi ta tambaya: "Gwaggo, ke da kika ce kina ɗaki, wa ya gan ki?"

Takardun nan a ninke su a zuba a ƙwarya kowacce ta ɗauka da hannunta. Sau ɗaya na raba da kaina, takardar ɓarauniya ta faɗa hannun wata da ba sa ga maciji da kishiyarta, kishiyar kuwa ta ce, "Ai dama." Sai da dattijai suka sa baki.

Da an sauke dambu a zuba mai da soyayyar albasa, a kaɗa ƙuri'a, ɓarauniya ta bayyana kanta, sannan a ci da zafinsa. Abin da ya rage a raba wa gidaje nan take, domin dafaffiyar shinkafa ba ta son ta wuce awa biyu a ajiye cikin zafi. Idan an gano ɓarauniya, wankin madambaci nata ne. Idan ta tsira, waɗanda suka fi ɗaga murya wajen zargin wata su za su kankare tukunya.