Ka ɗaura sabon CDI babur ya fara tari? Bar karburatar tukuna

Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya turo mini Kasea 125 tun daga Kasuwar Dole, ya yi sharkaf da gumi. Ya sayi CDI shuɗi, wato ɗan akwatin da ke sakar wa buji wuta a kan lokaci, irin wanda masu sayarwa ke rantsuwa babur zai riƙa tashi kamar iska. Da ya ɗaura sai injin ya koma tari, kik kuma yana dukan ƙafarsa. Kafin ya iso gare ni har an kwance masa karburatar sau biyu. Na ce, yaro, laifin me ta yi? Jiya fa lafiyarta lau.

Tambayata ta farko kullum ita ce: ina tsohon? Mayar da shi ka tada. In babur ya dawo hayyacinsa, ka san inda cutar take ba tare da ka kashe ko dala ba.

Sannan ka gane irin CDI ɗinka, don iri biyu ne, kuma bakin fish ɗinsu, inda ake soka wayoyi, kan yi kama har su ruɗi makaniki. Na AC daga bobin, naɗin wayar da ke cikin volan (faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen injin), yake shan wuta, shi ya sa babur ke tashi da kik ko babu batir. Na DC kuwa volt 12 na batir yake ci. Ka haɗa wani a gurbin wani, ko dai ka rasa wuta a buji ko ka ƙona akwatin. In naka DC ne, auna batir: wajen 12.6 yana kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin na aiki. Batir mai rauni kan sa babur yankewa da zarar ka kunna fitila ko ka danna oda.

Yawancin baburan Sin launin wayoyin Honda suke bi: kore shi ne mas (wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur), baƙi da rawaya na zuwa bobin ɗin buji, shuɗi da fari na ɗan firikwensin da ke karanta volan, baƙi da ja na kawo wuta, baƙi da fari na kashewa. Amma babur da ya sha hannun makanikai biyar, kar ka yarda da launi, bi wayar da yatsa. Koren nan ne ya fi ba ni wahala. Ƙurar hunturu da tsatsa su taru ƙarƙashin kusa, mas ya yi sanyi, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau.

Buji kuma tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. In ya yi fari fat, injin na zafi fiye da kima.

Nan ne maganar abans, wato sakin wuta a buji kafin piston ya kai sama, ta shigo, ita ce ma ta yaron. Akwatunan gudu da yawa suna sakin wuta da wuri, tun piston bai kusa kaiwa sama ba. Alamarsa kik ya mayar maka da ƙafa, ka ji ƙis-ƙis kamar tsakuwa cikin gwangwani in ka ɗauki kaya ka hau tudu. Buɗe ɗan murfin gefen volan, za ka ga wata tsaga da alamun T da F a jikin volan: T piston ya kai sama, F lokacin sakin wuta. Da fitilar auna lokacin wuta, a ralanti (injin na aiki ba a ba shi wuta ba) F ya kamata ya tsaya daidai da tsagar. In ya wuce sosai, akwatin ba na injinka ba ne. Mai ƙasar sanyi zai iya lallaɓawa da shi. Mu nan Damagaram, watan Afrilu zafi ya haura 40, ga esansin kwalba da ba ka san me aka gauraya ba, ga fasinja biyu da buhun gero zuwa Mirya? Piston zai huje.

Na mayar wa yaron tsohon CDI ɗinsa, na gyara ralantin da aka jagwalgwala masa, bugu ɗaya babur ya tashi. Shuɗin yana nan cikin gwangwanin kusoshina, ya ce zai dawo ya karɓa in mai shagon ya yarda ya musanya masa da taya.