Ku bi layin iskarku da kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aiki da kwamfaresa, wato injin matse iska, a masana'anta.

Ku samu lokacin da aka tashi daga aiki, injina sun yi tsit, tankin iska a cike, sai ku bi bututun da kunne. Duk inda kuka ji iska na tsiyaya, dizal ɗinku ne ke tafiya a banza. Inda kunne bai kama ba, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da bakin bawul, kumfa za ta tona wurin. A ɗaura ƙyalle don shaida, washegari a gyara. Wurin da ba a kula, yoyo kaɗai kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da inji ya tara.

Abin da ya fi damuna, da an ga iska ta yi rauni sai a ƙara matsi. Wallahi yoyon ake ƙara wa ƙarfi. Alhali rage matsi da bar 1 (bar ma'aunin matsin iska ne) kan rage cin wuta da kusan kashi 7 cikin ɗari.

Lokacin hunturu kuma a riƙa duba matatar iska, ƙura na saurin toshe ta. Don Allah a hana yara kaɗe kaya da iskar, ga tsada ga haɗari ga ido.